Dogon Turanci da Makomar Ɗalibanmu

Lokacin gasar muhawara tsakanin makarantu ya sake zagayowa, kuma tuni ɗalibai suka fara yawo da takardun da aka jera musu manyan kalmomin Turanci. Akwai yaron da zai zubo *floccinaucinihilipilification*, mai haruffa 29, harshensa bai sarƙe ba, ɗaki ya ɗauki tafi. Ma'anarta ita ce ɗaukar abu a matsayin marar amfani, amma da wuya a sami wanda ya gaya wa yaron haka. Shi ne kuma zai zauna jarrabawar WAEC ko JAMB, a nemi ya zaɓi kalmar da ta fi kusa da *reluctant* a ma'ana, ya yi ta cizon biro.

Ba mu ƙyamar baƙuwar kalma. Sha'awarta ma alama ce ta yaro mai ƙishin sani. Abin da muke adawa da shi shi ne hadda babu fahimta, domin wanda bai sami kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi komai kyan sakamakonsa a lissafi, kuma iyayensa ne za su sake neman kuɗin rajistar jarrabawa.

Hanyar gyara tana hannunmu. Yaron da ya bi ta makarantar allo ko Islamiyya ya san cewa ilimi da malami da ta'alimi duk saiwarsu ɗaya ce a Larabci. Haka yawancin manyan kalmomin Turanci suke, sai dai saiwoyinsu na Latin ne da Girkanci. A koya masa cewa *mal* na nufin mummuna, sai *malice* da *malnutrition* su buɗe masa da kansu. Ita ma *malaria* daga Italiyanci ta fito, ma'anarta mummunar iska, domin mutanen dā sun ɗauka iskar fadama ce ke kawo zazzaɓin, ba sauro ba. Kishiyarta *bene* ita ta haifi *benefit* da *benevolent*. Saiwa goma da aka fahimta ta fi kalma ɗari da aka haddace ana gobe gasa, kuma bayyana ma'anar da Hausa ba aibi ba ne, ko da wani mai duba makarantu ya ɓata rai.

Sai dai malami ba ya noma babu fartanya. Tun 1965 Neil Skinner ya fitar da *Kamus na Turanci da Hausa*, Roxana Ma Newman ta fitar da nata a 1990, amma ajujuwa da yawa ba su da ƙamus ko ɗaya. Muna kira ga hukumar ilimi da ƙungiyoyin iyaye da malamai su samar da aƙalla ƙamus guda a kowane aji. Muna kuma roƙon 'yan'uwanmu masu alƙalancin muhawara su daina ba da maki a kan kalmar da ɗalibi ya kasa faɗin ma'anarta idan aka tambaye shi.