Mu hau keken nan don kanmu, 'yan Zongo

Duk lokacin da aka gama zaɓe, sai ka ga wani ya fito da keke, ya ɗaura tuta a bayansa, ya ce zai tuƙa daga garinsu har babban birni don taya wanda ya ci murna. Mun gani a nan Ghana gab da rantsar da Shugaba John Dramani Mahama ranar 7 ga Janairu 2025, lokacin da aka riƙa nuna masu tahowa daga arewa a kan keke. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun san irin wannan tun 2015, da Suleiman Hashimu ya taka a ƙafa daga Legas zuwa Abuja saboda nasarar Muhammadu Buhari, sai ga matafiya sun ɓarke ta ko'ina.

Ba na raina wahalar kowa. Wanda ya murza feda kilomita 600 daga Tamale zuwa Accra ya cancanci a ce masa sannu. Abin da ke damuna shi ne yadda doguwar tafiya a keke ta zama hanyar neman a gan ka, a ɗauke ka hoto da babban mutum, a miƙo maka ambulan. In babu ɗan siyasa a ƙarshen hanya, ba mai tashi. Ni kuwa ina ganin mu 'yan Zongo mun fi kowa dalilin ratsa ƙasar nan a kan keke, kuma dalilinmu ya fi ambulan daraja.

Ku tuna Mamadou Safayou Barry, matashin nan na ƙasar Gini. A watan Mayu na 2023 ya bar gida a kan keke da nufin zuwa Jami'ar Azhar a Alƙahira, don ba shi da kuɗin jirgi. Ya yi kusan wata 4 a hanya, ya ci wajen kilomita 4,000 ta Mali, Burkina Faso, Togo, Benin, Nijar har Cadi. Sau 3 ana tsare shi. A Cadi ne labarinsa ya bazu, mutanen kirki suka haɗa masa kuɗin jirgi, Azhar kuma ta ba shi gurbin karatu kyauta. Ba cewa nake yaranmu su kama hanyar Sahel a wannan zamani na rashin tsaro ba, Allah ya kiyaye. Abin lura shi ne, wannan yaro ya san abin da ya fita nema. Keken abin hawa ne kawai, ilimi ne ya tashe shi daga gida.

To mu me za mu fita nema? Amsar tana cikin sunanmu. Kalmar Zongo daga zango ta fito, wato inda ayari ke sauka ya kwana bayan tafiyar yini. Kakanninmu fatake sun riƙa tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni kafin su iso Salaga a ƙasar Gwanja, su sayi goro su koma. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanenta suka bazu zuwa Kete-Krachi, Yeji, Atebubu, Kintampo, Kumasi da Accra. Cikinsu har da babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. A nan Accra, Malam Bako ya kafa Sabon Zongo, Malam Amadu Futa kuma ya kafa Nima. Wato unguwannin nan namu tun asali jere suke kamar carbi a kan hanya, kowanne na miƙa baƙo ga na gaba.

Yau carbin ya tsinke. Ni malamin makaranta ne, kuma ina ganin abin a cikin aji. Tambayi yaron Nima ko Maamobi ina ne Bronx, ina ne Hamburg, zai gaya maka har da sunan kawunsa da ke can. Wani ma ya san hanyar Agadez zuwa Libiya, ya san inda ake canza mota. Amma ka shimfiɗa taswirar Ghana ka ce ya nuna maka Salaga, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Da yawansu ba su taɓa wuce Nsawam ba. Wanda ya je arewa kuwa, a motar dare ya je, ya yi barci daga Nkawkaw bai farka ba sai Tamale. Ya ratsa ƙasar, amma bai gan ta ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu. Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Ghana bisa ƙidayar 2021, duk da haka har gobe ɗan Zongo na jin ana tambayarsa, "Kai ɗan ina ne na asali?" Dattawanmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako 2 su bar ƙasar, aka kwashe maƙwabta da surukai a manyan motoci. Ciwon bai gama warkewa ba. Takarda tana da amfaninta, kowa ya nemi katinsa na ɗan ƙasa. Amma yaron da ya san ƙasar da ƙafarsa, ya sha ruwan Walewale, ya ga kabarin malaman Salaga, ya kwana a zongon Atebubu, ba mai sa shi ya ji kamar ɗan haya ne a nan. Gani ya kori ji.

Me ya sa keke? Saboda saurinsa daidai yake da idon mutum. Mota tana wuce ƙauye ashirin ba ka gaisa da kowa ba. Tafiyar ƙafa kuma ta yi wa mai hutun mako biyu tsawo. A keke, matashi mai lafiya da ya yi atisaye zai iya cin kilomita 80 a yini ba tare da ya kashe kansa ba. Abin sha'awa, wannan shi ne kusan nisan da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade don yin ƙasaru, mil 48. Kowace rana ke nan kana matafiyi na gaskiya. Ƙishirwa za ta tsayar da kai, taya za ta yi faci, dole ka yi sallama ka roƙi ruwa, ka koyi gaisuwa da Dagbanci da Gwanjanci da Tiwi. Lokacin da na gama kwalejin horar da malamai aka tura ni wani ƙauye, keke ne ya koya mini wurin fiye da kowane littafi, don a kansa nake zuwa kasuwa da masallacin Juma'a.

Ga shawarata. A sa kekunan a mota a kai su Paga, bakin iyakar Burkina Faso, a cikin hutun Disamba. Daga can a fuskanto kudu. Dalili kuwa, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka za ta riƙa tura ka ta baya maimakon ta dake ka a ƙirji. Safiya da sanyi, babu ruwan sama, kuma an kauce wa zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40 a arewa. Daga Paga a bi Navrongo, Bolgatanga, Walewale zuwa Tamale, wajen kilomita 200. Daga Tamale a karkata zuwa Salaga, a yini guda ana ziyara da jin tarihi daga bakin masu garin. Sai Makango, a shiga jirgin fito a tsallake tafkin Volta zuwa Yeji. Daga nan Atebubu, Ejura, a hau tudun Mampong, a gangara Kumasi a sauka Aboabo. Duka bai kai kilomita 600 sosai ba, kwana 8 zuwa 10 ke nan har da hutawa. Wannan kuwa wani yanki ne na tsohuwar hanyar goro. Kowane dare a kwana a zongon gari, a hannun sarkin Zongo da limaminsa, kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma suna da gaskiya: hanya fa? Titunan Ghana na cin rayuka sama da 2,000 a kowace shekara. Ba mu manta da karon manyan motocin fasinja biyu kusa da Kintampo a Maris 2019 ba, inda mutane da dama suka ƙone. Shi ya sa ban ce a fara da hanyar Kumasi zuwa Accra ba, musamman a lokacin Kirsimeti da direbobi ke tsere don su yi sawu biyu. A bar wannan sai an ƙware. Kuma tafiyar tana da sharuɗɗa da ba a sassautawa. Ba a tuƙi bayan magariba. A tashi bayan asuba da gari ya waye, a sauke kafin azahar ko a huta har la'asar. Kowa da hular kwano da riga mai ɗaukar ido. Mota ɗaya a baya ɗauke da ruwa, kayan faci, famfo, tayoyi da mai aikin jinya. Mai gyaran keke ɗaya cikin ayari. A sanar da 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra tun kafin a tashi. 'Yan ƙasa da shekara 18 su dakata tukuna. Wanda bai yi wata biyu yana atisaye ba, yana hawa tudun Aburi yana saukowa, kada a sa sunansa, ko ɗan wane ne.

Sannan mu gaya wa kanmu gaskiya. Yaran nan da muke tsoron su hau keke da rana tsaka da hular kwano, su ne muke gani ranar Sallah a kan babur a babban titin Nima, mutum uku a sirdi ɗaya, ana ɗaga tayar gaba. Shekara nawa malamai na wa'azi a kan haka? Ƙarfin ƙuruciya ba ya jin "bari". Sai dai ka buɗe masa wata ƙofa. Wanda ke son a san shi jarumi ne, to ga fage: ya hau tudun Mampong da ƙafarsa, ba da fetur ba.

Wasu kuma za su ce keke na talaka ne, wa zai yarda a gan shi yana gumi alhali tsaransa na cikin mota? Wannan tunanin Accra ne kawai. Je ka Tamale ka ga malami da ɗan kasuwa da mata da hijabinsu a kan keke da babur, har an ware musu gefen titi. Ƙetara Burkina Faso ka ga yadda gari ke fitowa kallon gasar Tour du Faso da ake yi tun 1987. A Kumasi ma akwai masu ƙera keke da gora, ana fitar da shi Turai ana saye da tsada. Abin da muke jin kunyarsa, wasu jirgi suke hawa su zo su yi a ƙasarmu, su koma su ba da labarin ƙauyukan da mu ba mu taɓa takawa ba. Game da 'yan mata kuwa, ban ga dalilin hana su ba. A yi musu nasu rukunin da malamai mata da yardar iyaye, da masauki na daban. Tarihin nan nasu ne su ma.

Kuɗi fa? Tsohon keke mai ƙwari da giya ya isa, ba sai na tsere ba. Abinci ba ya gagara a hanya, koko da ƙosai da safe, waakye da rana, tuwo da dare. Babban kashe kuɗi shi ne motar rakiya da jigilar kekuna zuwa Paga. Majalisun matasa da ke shan ataya a kowane lungu na Nima da Maamobi suna tara kuɗin anko da na buki, za su iya tara wannan. Asusun Raya Zongo da aka kafa da doka a 2017 ma ana iya kai masa buƙata a rubuce. Amma sharaɗi ɗaya: kada a ɗaura tutar jam'iyya a keke ko ɗaya. Ranar da aka ɗaura, rabin zongunan da ke hanya za su rufe mana ƙofa, kuma mun koma gidan jiya.

Kada kuma a dawo hannu rabbana. Kowane matashi ya riƙe ɗan littafi. A kowane zango a zauna da dattawa a tambaye su: wa ya kafa wurin nan, daga ina ya zo, wace makarantar allo ce ta fi daɗewa, me ke damunku yau? A naɗi muryoyinsu a waya da izininsu. Tsofaffin da suka ji labarin fatake daga bakin iyayensu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. In aka dawo, a kawo abin da aka samo cikin makarantunmu, yara su ji tarihinsu daga bakin yayyensu.

Kira na ga sarakunan Zongo na Accra, da limamai, da 'yan'uwana malaman makaranta. Ba a buƙatar mutum ɗari. Matasa 12 masu hankali da manya 3 sun isa a fara. Sarki ya rubuta wa takwaransa na Salaga da na Yeji da na Atebubu wasiƙa cewa ga 'ya'yanku nan tafe, wallahi na tabbata ba za a rasa tabarma da tuwo ba. Zumunta a ƙafa take. Wa zai fara rubuta wasiƙar?