Ra'ayinmu: Wanda Ya Bar Giya Yana Bukatar Likita

Tun da ruwan madatsar Tiga ya fara ratsa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure a shekarun 1970, noman rani yake sa kuɗi a aljihun mutanenmu. Kada mu ruɗi kanmu: wani kaso na kuɗin shinkafa da tumatir a tukunyar burukutu da kwalbar ogogoro yake ƙarewa.

Maganarmu yau a kan wanda ya tuba ne. Ɗan'uwa ya yi shekaru yana sha kullum, ya fito gaban ikkilisiya ya ce ya bari, muka yi murna. Kwana ɗaya ko biyu sai ga rawar jiki, zufa, rashin barci, wani har ya faɗi kamar mai farfaɗiya, yana ganin abin da babu. Nan da nan sai a ce aljanu ne.

Ga abin da likitoci suka gano. Cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarai masu farkar da jijiyoyi, gulutamet da ɗan'uwansa asfatet, kuma suna da ƙofofin da suke ƙwanƙwasawa. Giya tana danne ƙofofin nan. Idan shan ya daɗe, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara yawansu don ta iya aiki. Ranar da aka yanke giyar farat ɗaya, dukansu a buɗe suke, babu mai tsaro. Farfaɗiyar takan zo cikin awa 48 na farko, ruɗewar hankali kuma daga kwana na biyu ko na uku. Wannan ruɗewa tana kisa.

Asfatet ɗin yana da alaƙa da hanta ma. Gwajin jini da ake kira AST daga sunansa ya samo asali, kuma idan ya ninka na ALT sau biyu, likita yakan zargi giya.

Saboda haka muna roƙon fastoci da dattawa: a yi addu'a, amma a ɗauki mutumin zuwa asibiti tun kafin ya yanke shan, domin akwai maganin kwantar da jijiyoyi da bitamin B1 da ake bayarwa. Mun san a Jihar Kano a ɓoye ake sha, kunya da tsoro kan rufe bakin iyali. Wanda ya raka shi ya faɗa wa likita gaskiya: me yake sha, nawa, kuma yaushe ya sha na ƙarshe.