Aikin Ingilishi na Yaronka: Kada Ka Ce Ba Ruwanka

Ɗan'uwa, yaronka ya shiga kwaleji. Tun ajin farko, wanda ake ce ma siziyam, ana koya mashi Ingilishi. Da dare ya buɗe kaye, ya yi tagumi. Mushe ya ce su rubuta bayanin kasuwar garinsu. Kai kuwa bara ka fara karatun manya. Sai ka ce: "Tafi wajen yayanka ya yi maka."

Ni dai ban yarda da wannan ba. Wa ya rubuta, ƙane ya kwafa, mushe ya ba da maki. To, bayan shekara 4, ran jarrabawar BEPC, wa zai zauna kusa da shi? Wayar salula ma haka take. Tana ba da amsa, amma ba ta taɓa shiga kasuwarku ba.

Kai ka shiga. Abin da ke gagarar yaro ba kalmomi ba ne kaɗai. Bai san abin da zai faɗi ba. Sai ya rubuta: kasuwa babba ce, akwai mutane da yawa. Daga Maradi har Yamai, wace kasuwa ce ba haka take ba?

Ka ce ya rufe kaye. Ku yi da Hausa tukuna. Mi ka gani? In ya ce albasa, ka ce wace iri? Ta Galmi ce, ja-ja, cikin buhu? Mi kunnenka ya ji? Ƴan kabu-kabu na oda, dillali na rantsuwa a kan rago. Hanci fa? Daddawa, hayaƙin tsire, ƙurar hunturu. Ke ma, ƴar'uwa, kin fi kowa sanin yadda mai tattasai ke karkata tiya in tana awo. Faɗa mashi. Irin wannan ke sa mai karatu ya ji kamar yana tsaye a wurin.

Sa'an nan ya juya su zuwa Ingilishi, jimla gajera-gajera. A nan Hausa na taimakonshi. Muna cewa farin doki, baƙar akuya: launi gaba, suna baya. Ingilishi haka yake yi. Faransanci ne ke sa launi a baya. Kuma bokiti, mota, burodi duk daga Ingilishi muka aro su.

Wani zai ce mi za a yi da Ingilishi a Nijar? Ya tambayi ɗan kasuwan da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina, in an miƙo mashi takarda. Kuma a 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki.

In ya gama, ya karanta maka da ƙarfi, ya fassara. Ba za ka gane kurakuran Ingilishi ba, ka bar su nan. Gobe mushe zai bi su da jan bik.