Rana Tsaka, Ƙwai a Kunne: Wa Ya Gina Mana Kasuwannin Duhu?

Jiya da azahar na shiga wata plaza a cikin Kano wajen wani abokina mai sayar da shadda. A waje rana ta take, ko ido ba ka iya ɗagawa. A cikin shagon kuwa ƙwai huɗu a kunne, janareta na ta ruri a baranda. Da na ce ina son ganin ainihin kalar wani yadi, sai da yaronsa ya fita da shi bakin ƙofa. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda litar fetur ta koma. A Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 kowane yunit. Ɗan kasuwa ne ke biya, shi kuma ya ɗora a kan kaya, talaka ya saya. Amma har yau muna gina shaguna kamar akwati, babu taga, lungun tsakiya duhu ɗulum.

Akwai dabarar da masu gini suka daɗe da sani. A buɗe rufin lungu da kwano mai shigar da haske. A sa tagogi can sama kusa da silin. Inda bene ne, akwai bututu mai sheƙi a ciki da ke ɗauko hasken rana daga rufi ya sauke shi ƙasa. Sannan a haɗa ƙwayayen da 'yar na'ura mai auna haske: rana ta yi ƙarfi ta rage su ko ta kashe, hadari ya haɗo ko magariba ta gabato ta ƙaro. Ai ko kakanninmu da tsakar gida suke haska ɗakuna.

Na san wani zai ce zafi fa? Gaskiya ne, in aka buɗe rufi barkatai shago zai koma tanda. Shi ya sa ake fuskantar da tagogin arewa da kudu, a yi musu rumfa, a guji gabas da yamma. Ƙurar hunturu kuma sai an riƙa wankewa, ɓarayi sai an sa ƙarfe. Duk wannan bai kai kuɗin man shekara guda ciwo ba. Kuma duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san raguwar jone-jonen waya da jarkokin fetur a kasuwa ba ƙaramin alheri ba ne.

To ga inda siyasa ta shigo. Tun 2017 Najeriya ke da ƙa'idar gini ta tsimin makamashi, amma izinin gini a hannun jihohi yake. Ina kira ga jagororin tsaginmu, duk mai neman takara a jam'iyyarmu ya yi mana alkawari a rubuce: sabuwar kasuwa ko plaza ba za ta samu izini ba sai zanenta ya nuna ta inda hasken rana zai shiga. Tsofaffin kuma a fara da lunguna, a bai wa matasanmu masu walda da wayarin aikin.

'Yan kasuwa sun gaji da rabon atamfa ranar zaɓe. Mu je musu da abin da zai rage musu kuɗin mai kullum. Allah Ya sa a ji.