Ɗaki Mai Ƙafa Huɗu: Daga Dukawuya Zuwa Gwanja

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan nawa na kowane mako, in amsa wa wani malamin makaranta da ya rubuto mini. Ya ce shi da abokinsa sun ga hotunan waɗansu Turawa a intanet, waɗanda suka rabu da tarkacen gida suka mai da mota ɗakin kwana, suna yawon ƙasashe a cikinta. Su ma suna so su gwada in an yi hutu, ko abin zai yiwu? To, Malam, zai yiwu, gama ni ma na taɓa yi. Amma bari in gaya maka abin da hotuna ba su nuna maka ba.

Da fari dai, wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake sun yi zamani suna tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini da fatu, su yi watanni bisa hanya har Salaga ta ƙasar Gwanja, su komo da goro. Gidansu shi ne inda dare ya yi musu, kayan ɗakinsu kuwa abin da jaki zai iya ɗauka. Ta wannan fatauci mutanenmu suka bazu a can, har Malam Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Karachi a 1934. Hanyar ta fara mutuwa bayan Ingilishi sun ci Asante a 1874, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma zuwa ta teku da dogo.

Sha'awar ganin wannan hanya ce ta tashe mu a damina ta ƙare, cikin 2018, ni da wani abokina da muka tashi unguwa ɗaya a nan Dukawuya. Yana da bas Toyota Hiace, wadda mutanenmu ke kira Hayis. Muka cire kujerun baya, muka shimfiɗa katifu biyu ƙanana, muka ɗaura gidan sauro. Muka bi ta Katsina da Jibiya muka shiga Maraɗi, daga nan Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, har Gaya, inda muka haye gadar Kwara zuwa Malanbil ta ƙasar Benin. Sai Kandi, Faraku da Jugu, muka ratsa Togo ta Kara, muka faɗa Gana, muka bi Yandi da Bimbila har Salaga.

Darasi na farko kaya ne. Abokina ya taho da akwati cike da manyan riguna, ni kuwa, halin akawu, da kwali guda na littattafai. Daren farko muka rasa inda za mu miƙe ƙafa. A Maraɗi muka ba mai masaukinmu ajiyar fiye da rabin kayan, kuma har muka dawo ba mu nemi ko ɗaya ba. Abin da ya ishe mu shi ne tufafi uku uku, jarka biyu ta ruwa, risho, tukunya ɗaya, buta, tocila, igiya, safayar taya da jak, sai shinkafa, garin rogo, ƙuliƙuli da kilishi. Ka kiyaye abu biyu. Kada ka kunna risho ko gawayi cikin mota a rufe, gama akwai iskar da wuta ke fitarwa, ba ta da wari, takan kashe mutum yana barci. Kuma kada ka kwana a daji. Ka yada zango tun da sauran rana, a tasha ko a unguwar Hausawa, ka je ka gai da Sarkin Zango, ka nemi izini.

Darasi na biyu ya fi wannan ɗaci, shi ne kuwa dalilin wannan takarda. Da za mu tashi, kowa ya zuba kuɗinsa cikin jaka ɗaya, muka ce ai mu ’yan uwa ne, lissafi tsakaninmu abin kunya ne. Ni da nake cin abinci da rubuta lissafin ofis, ban ɗauki ko fallen takarda ba. Muna isa Faraku sai injin ya yi zafi, makaniki ya ce sai an sake lagireto. Abokina ya sa hannu a jaka zai biya, na ce, “Haba Malam, motarka ce, in mun koma kai za ka ci gaba da morarta.” Ya dube ni ya ce, “Akawu, ashe haya ka ɗauka ban sani ba? Wa ya kwana cikinta jiya?” Magana ta jawo magana, har aka tono wa ya fi cin tsire a Doso, wa ya yi asara wurin canjin naira zuwa sefa.

Jama'a, in kun yi faɗa a gida, kowa sai ya shiga ɗakinsa har zuciya ta huce. A mota ba inda za ka. Kwana biyu muka yi ba mai ce wa wani uffan, ga shi tsakanin katifata da tasa bai kai taƙi ɗaya ba. Na kwana ina tunanin yadda zan koma Dukawuya ni kaɗai, da abin da zan gaya wa mahaifiyarsa, wadda ta goya ni ina yaro.

A Jugu wani dattijo mai sayar da goro ya lura kowa na cin abincinsa daban. Da ya ji labari, sai ya yi murmushi ya ce, “Samari, wane ne madugunku?” Muka ce ba mu da shi. Ya ce to nan ne ciwon yake. Ayarin da, in ji shi, ba ya fita ƙofar gari sai an san madugu mai yanke magana, da jagaba mai duba hanya, da uban dawaki mai tara kuɗin fito, kuma kowa ya san abin da zai biya tun yana gida. Nan take ya raba mana aiki: abokina madugu, shi ke faɗin lokacin tashi da wurin sauka, ni kuwa ma'aji, in rubuta kowane kwabo, in karanta masa kowane dare. Mai da abinci da kuɗin iyaka a raba biyu. Gyaran da zai daɗe a jikin mota, mai ita ya ɗauki kashi biyu, ni ɗaya. Ya fasa goro ya miƙa mana. Daga ranar har muka shigo Kano ba mu sake sa-in-sa ba.

Saboda haka, Malam, in kun ƙudura, ku zauna gaban wani babba ku shirya waɗannan kafin ku sayi ko lita ɗaya ta mai. Ku tanadi fasfo, da katin allurar shawara, da takardun mota, da inshorar ƙetare iyaka. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda wa ɗan ƙasashenta ya zauna kwana 90 ba biza, amma hanya ta sake tun bayan tafiyarmu: an rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar a Janairu 2025. Sai ku tambayi direbobin da suka dawo kwanan nan kafin ku zaɓi hanya.

Mutanen da sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ku yi shirin saɓanin tun kuna gida, littafin lissafi kuwa kada ya bar aljihun ma'aji. Allah Ya kai ku lafiya, Ya komo da ku kuna abokai, amin.

Ni ne naku,
Akawu,
Dukawuya, Birnin Kano.