Bashin Haya Da Ƙa'idar Ba Da Notis

Tun da rashin tsaro ya tilasta wa mutanen karkara yin ƙaura zuwa Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ɗakin haya ya yi wuya, kuɗinsa kuma ya hau. Ƙaramin ma'aikaci da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, su ne bashin haya ya fi taruwa a kansu. Ba shakka mai gida yana da hakki, gama da dukiyarsa ya yi gini. Amma cire ƙofa, ko yaye kwano, ko watsar da kayan mutum a titi, duk dokar ƙasa ba ta yarda da su ba, kome yawan bashin.

Sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, ta gaji dokokin da ke aiki a can, har da ƙa'idar karɓe gida daga hannun ɗan haya. In babu wata yarjejeniya dabam tsakaninsu, mai hayar mako-mako notis ɗin mako guda za a ba shi, mai hayar wata-wata kuwa na wata guda. Wanda ke biya duk wata uku, a ba shi wata uku. Mai hayar shekara-shekara, wata shida. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takarda ta biyu, ta kwana bakwai, mai bayyana cewa mai gida zai kai ƙara. Wanda kuwa aka yanka wa ranar ƙarewar haya tun farko, ranar kuma ta wuce, wannan ta kwana bakwai ta isa. Bayan haka sai kotu, inda mai gida zai nemi gidansa da kuɗin da yake bi a ƙara ɗaya. Ma'aikatan kotu ne kaɗai ke fitar da mutum, su ma sai da umurnin alƙali.

Har gwamnati ba ta fi ƙarfin wannan ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin soja ta Jihar Legas saboda ta fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin tuwo, alhali magana tana gaban shari'a.

Sai dai kada 'yan haya su ɗauka notis mafaka ce ta cin hakkin mutane. An daɗe ana ganin waɗanda ke shafe shekaru cikin gida ba ko sisi, suna fakewa da kuskuren kwanan wata a takarda. A 2021, cikin shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, Kotun Ƙoli ta ce shigar da ƙara da isar da sammaci suna gyara irin wannan kuskure.

Babbar matsalar ita ce yawancin haya a garuruwan nan da baki ake ƙulla ta, ta hannun dillali, ba takarda, ba rasit. Ran da rigima ta tashi, ba mai iya tabbatar wa alƙali ko hayar ta wata ce ko ta shekara, a kan wannan kuwa tsawon notis ya rataya. Kamata ya yi Ma'aikatar Shari'a ta Jiha ta buga samfurin takardun notis biyun nan da Hausa, boko da ajami, a ajiye su a kotuna da ƙofar gidajen masu unguwa, a kuma riƙa bayaninsu a gidan rediyon jiha.