Kafin mu tafa wa alƙawarin man rake da rogo

'Yan uwana matasa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu neman kujera suka samu sabon alƙawari: za su kafa masana'antar da za ta tatso man mota, wato itanol, daga rake da rogo. Ni ban ƙi ba. Amma zancen ba sabo ba ne. Tun 2007 Najeriya ke da tsarin da ya tanadi a riƙa gauraya kashi 10 cikin ɗari na itanol a fetur. To, a wane gidan mai kuka taɓa sayen sa?

Gina masana'anta ba shi ne wahala ba, ciyar da ita kullum shi ne aiki. Rogo in aka tone shi, kwana biyu zuwa uku ya fara lalacewa. Rake kuma daga sara yake fara rasa zaƙinsa. Ashe hanya ta mutu ko mota ta kwana a shinge, an yi asara tun kaya ba su iso ba. Sannan duk ranar da garin kwaki ya yi tsada, manomi kasuwa zai kai rogonsa, kuma wallahi bai yi laifi ba.

Mun ga irin haka a Kadawa. An buɗe kamfanin tumatir a 2016, tsutsa ta afka wa gonaki, injuna suka tsaya don babu abin niƙawa. Ko Birazil da ta fara nata shirin tun 1975 ta ɗanɗana kuɗarta: a 1989 itanol ya yi ƙaranci bayan sukari ya yi daraja a kasuwar duniya, masu motoci suka juya masa baya. Sai da motoci masu shan fetur da itanol duka suka fito a 2003 kasuwar ta farfaɗo.

Don haka duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayan ɓangarenmu da wannan batu, ya amsa mana. Kadada nawa masana'antar za ta noma da kanta, nawa za ta saya wajen manoma? Akwai yarjejeniya a rubuce da ƙungiyoyinsu, mai farashin da ke tafiya da kasuwa, a kuma biya kan lokaci? Ina ruwan noman rani, ina inshora in fari ko ambaliya ta zo? In man ya faɗi, za ta iya juyawa ta yi sukari, ta kuma samar da lantarki daga tukar rake? Wa ya sa hannu zai sayi man?

In babu amsa, mu riƙe tafinmu. Mu za mu shiga ƙauyuka mu ce wa iyayenmu su bar dawa su shuka rogo. Ranar da kamfani ya rufe ƙofa, ɗan takara yana Abuja, mu za a tare a bakin kasuwa.

Allah Ya sa mu dace.